Baba Jibo da Rufin Ɗakin Littattafai

Duk wanda ya san Baba Jibo magini ya san ba ya fara aiki sai ya ci ƙasa. Zai tsuguna, ya ɗebo ta da yatsu biyu, ya ɗora bisa harshe, ya lumshe ido kamar mace mai ɗanɗanar miya. In ya haɗiye, to a kawo jakuna a fara ɗiba. In ya tofar, ko za ka kwana kana roƙonsa ba zai ɗora tubali ɗaya da ita ba. Tun da ya rasu bara nake jin mutanen Dakoro kowa na ba da nasa labarin, ni ma bari in ba da nawa, don a gidanmu ne ya yi aikin da ya kusa sa mahaifina ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Mahaifina malami ne, Baba Jibo kuwa ɗan kawunsa ne, taubashinsa, shi ya sa ko gaisuwa ba sa yi sai da tsokana. Muna da ɗaki guda na ƙasa mai rufin jinka, nan Malam ke ajiye littattafansa, gafaka bakwai, waɗanda kakanmu ya ɗauko daga Katsina bisa takarkari. Da su aka koya mini karatu. Tawadarsu ta gawayi ce da ƙaro, ɗigon ruwa guda ya ishe ta narkewa. Wata damina jinkar ta yi yoyo, ruwa ya cinye ganye ukku na wani littafi, baƙaƙen suka koma kamar sawun kaji a laka. Ranar Malam ko fura bai sha ba. Da aka gama girbi ya aika a kira taubashinsa, a cire jinka a yi soro, a kuma ɗinke wata tsaga da ke bangon gabas.

Baba Jibo ya zo, ya zagaya ɗakin sau biyu yana ƙwanƙwasa bango yana girgiza kai.

"Taubashi, wane maƙiyinka ne ya yi maka wanga gini?"

Malam ya nuna ni ya ce, "Kai ka yi shi, shekarar da aka haifi ɗiyar nan."

"To, lokacin ban iya ba."

"Kwana nawa zai ɗauke ka?"

"Kwana ukku."

Inna, mahaifiyata, tana bayan zana tana tankaɗe, sai muka ji ta shaƙe da dariya. Kowa a garin nan ya san kwana ukkun Baba Jibo. Akwai wadda ya ce wa kwana ukku tana da ciki, ta shiga ɗakin da goyo.

Muka kwashe littattafan muka rataye su cikin bukkar da nake kwana, tsohuwar bukka ce da in ka kwanta kana hango taurari ta cikinta. Malam ya ce ba komai, ai rani ne, kuma aikin ba zai daɗe ba. Washegari da hantsi muka ji wani ƙugi, ƙura ta turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse. Muka fito da gudu muka iske Baba Jibo tsaye yana kakkaɓe kafaɗa, bangon gabas kuwa yana kwance ƙasa gaba ɗayansa.

Malam ya dubi bangon, ya ce a hankali, "Jibo, tsaga na ce ka ɗinke."

"To nuna mini tsagar yanzu."

Daga nan aka shiga neman ƙasa. Ta kududdufin bayan gidanmu ya tofar, ya ce yashi ne tsagwaronsa. Ta gefen kasuwar dabbobi ma ya tofar, har ya kurkure baki. Sai can wata fadama bisa hanyar Ajekoriya ya samu wadda ta kwanta masa, jakunanmu biyu suka yi ta zirga-zirga har suka rame. Da aka tara ta, aka kwaɓa da ciyawa da kashin shanu, muka ce to yau za a fara. Ya ce a'a, sai ta ruɓa, ƙasar da ba ta yi wari ba ba ta riƙe gini. Sanyi ya shigo ya fita muna zaune da tsibin laka mai ɗoyi a tsakar gida, shi kuwa kullum zai zo ya sunsuna ta, ya sha furar Inna, ya tafi.

Da fatake suka kawo azara daga kudu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bugu da dutse yana kasa kunne. Ya ware biyu ya jefar gefe.

"Waɗannan daga macen giginya aka tsago su. Mace ba ta ɗaukar soro."

Inna ta ajiye taɓarya ta ce, "Ruwan da ka kwaɓa ƙasar nan da shi, wa ya ɗauko shi daga rijiya bisa kai?"

Ya dube ta, ya dubi azarar, ya ce, "Dije, da ke aka tsago da na karɓa."

Ni kuwa buri ɗaya gare ni a wannan aiki. Na daɗe ina mafarkin 'yar taga ta gabas, inda hasken safiya zai shigo ya kwanta bisa takarda lokacin da gari bai gama farkawa ba. Da bango ya kai ƙirji na durƙusa na faɗa masa, har da bayanin yadda hasken zai yi.

Ya ce, "Ɗiyar Malam, ruwan sama daga ina yake zo mana?"

"Daga gabas, Baba."

"Kina so in buɗe masa ƙofa in shimfiɗa masa tabarma?"

Na yi ta roƙo kwana biyu. A ƙarshe ya huda wata 'yar kafa da ba ta wuce tafin hannu ba, a bangon yamma. Na ce ai hasken safe nake so. Ya ce in riƙa karatu da la'asar.

Bango na kaiwa inda za a ɗora azara, sai Baba Jibo ya ɓace. Kwana biyar, kwana goma, ba shi ba labarinsa. Bazara ta kama, iska ta fara juyowa da ƙanshin danshi, manoma na gyara gonaki. Ni kuwa kullum in ɗaga kai in dubi gafakan nan rataye ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Daga baya wani makiyayi ya ce ya gan shi can garin Mai Yara yana gina wa wani rumbu. Malam ya hau jaki da kansa ya bi shi. Da ya dawo Inna ta tambaye shi me ya ce.

"Ya ce littafi ba ya jin yunwa, mai rumbu kuwa yana da 'ya'ya tara."

"Yaushe zai dawo?"

Malam ya ɗaga yatsu ukku, ya shige zaure.

Abin mamaki, wannan karon ranar ta ukkun ya iso, ko kunya babu a idonsa, har yana faɗan an bar masa laka ta bushe. Amma da ya hau bangon nan sai na ga wani mutum dabam. Ya daina surutu, ya daina neman fura. Ya jera azara, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa, ya yi yaɓe, ya kafa indararo inda ruwa zai bi ya sauka. Tun asuba yana sama har rana ta faɗi. Ranar da ya shafe yaɓen ƙarshe, bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik.

Malam ya tsaya tsakanin bukka da sabon ɗaki ya rasa inda zai nufa. Bukka dai tabbas za ta zuba. Soro kuwa bai gama bushewa ba, in ya jiƙe ya yi nauyi yana iya ruftawa ya binne komai.

Baba Jibo ya sauko ya ce, "A kawo littattafan."

Malam ya ce, "In ya faɗo fa?"

"Ai ina ciki."

Ashe al'adarsa ce, duk rufin da ya yi, shi ke zama ƙarƙashinsa a ruwan farko, don in zai faɗi ya fara da wanda ya yi shi. Ni da Inna muka kwaso gafakan a guje, yayyafi na dukan bayanmu. Ya zauna tsakiyar ɗaki ya tara su gabansa. Malam ya shigo ya zauna kusa da shi, ni ma na raɓe bakin ƙofa, Inna na kirana na yi kamar ban ji ba.

Ruwa ya sauko kamar ana juye tulu. Indararo na amai, azara na ɗan kuka, mu ukku mun zuba wa rufi ido. Can sai na ga wani ɗigo ya taru daidai saman littattafan. Kafin in buɗe baki Baba Jibo ya matsa ya tara masa kansa, ɗigon ya faɗo bisa sanƙonsa.

Na ce, "Baba, yana ɗiga."

"Gumi ne."

Malam ya ce, "Guminka daga sama yake zuwa?"

"Kai dai yi ta addu'arka, kowa da sana'arsa."

Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe gafakan, ya sunkuya bisansu, ya ba ɗigon bayansa. Haka ya zauna, tsoho da shi, ruwan laka na bin ƙashin bayansa yana gangarawa, yana rawar sanyi yana musun yana jin sanyi, har ruwan ya ɗauke gab da magariba. Rufi bai motsa ba. Da muka leƙa waje, iska ta yaye rabin bukkata, tabarmata na yawo cikin ruwa.

Malam ya buɗe gafakan ɗaya bayan ɗaya. Ko ganye guda bai jiƙe ba. Ya juya zai yi godiya, Baba Jibo ya tare shi, ya ce laifin indararo ne da ya karkace, gobe zai toshe wurin, kuma kada a kuskura a faɗa a kasuwa. Sannan ya dube ni.

"Ɗiyar Malam, ni ban san baƙi ba. Me ke cikin abin nan da na sha ruwa dominsa?"

Na ɗauko littafin da na fi so, na yabon Manzon Allah, na matsa kusa da 'yar kafar nan ta yamma inda sauran hasken rana ke shigowa bayan ruwa, na rera masa baiti kaɗan, na fassara masa da Hausa. Bai motsa ba har na gama. Ya share fuska da tafin hannu, ya ƙara shafa wa kansa laka, ya ce, "Ashe sun cancanci soro."

Ya Allah, ga bawanka Jibo ya zo gare ka ba shi da karatu, sai hannuwa masu kaushi da bayan da ya tare wa yabon Annabinka ruwa. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa shi, ka lulluɓe shi da rahamarka. Amin.