Littafin da Aka Daka a Turmi

A bakin rijiya na fara gane wani abu ya lalace. Na aje tuluna, na yi sallama, sai ƴan matan da kullum ke jirana don jin ci gaban labari suka ja gugansu suka koma can gefe.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Na dawo garinmu na ƙasar Mayahi hutun lakwal, wato makarantar boko, daga Tasawa, da wani littafin Faransanci da ƴar ajinmu ta ba ni. Labarin wata budurwa ne a wata tsohuwar daula, wadda ta iya ɗaure hadari cikin kitsonta. An kama saurayinta a yaƙi an tsare shi bayan kogi, ita kuwa ta hana ruwa zuba don kogin ya ƙafe ya samu ya ƙetaro. Da hantsi in karanta ƙarƙashin gawo, da marece in ba ƴan mata labarin da Hausa. Har nakan kama gashina in gwada musu yadda take ƙullawa, mu yi ta dariya.

A lokacin hatsi ya tsiro ya ƙone, an sake shuka, ita ma ta ƙone. Hadari ya haɗu gabas baƙi ƙirin, iska ta watse shi. An fita roƙon ruwa, shiru. A wajenmu in haka ta faru, sai a ce wani ne ya ɗaure ruwa, a shiga nemansa.

Daga bakin rijiyar na isa gida na tarar Inna ta riga ta ji. Labarin ya bi gida-gida, a hanya budurwar littafi ta ɓace, saura ni: ƴar boko mai ɗaure hadari a kitso saboda wani saurayi a Tasawa. Ni da ba ni da saurayi ko ɗaya. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da ni ta tsefe mini kai duka, ta bar ƙofa buɗe don masu wucewa su gani.

Washegari aka kira mu ni da Baba ƙofar maigari. Duk waɗanda suka taru na san su, mutanen da rumbunansu suka ƙare, da wani da shanunsa suka mutu, yana riƙe da sanda. Liman ya karɓi littafin ya jujjuya shi. A bangon littafin ga hoton yarinya da baƙin gajimare bisa kanta, a ciki ga taswirar daular, wadda ya ɗauka hatimi ne. Na ce tatsuniya ce kawai, wani ya ƙirƙira.

"Tatsuniya tun rana ba ta faɗi ba?" in ji mai sandar. "Cikin damina?"

Liman ya ce duk abin da aka rubuta wanki na warware shi. Aka kawo ƙwarya da ruwa, ya shiga wanke shafi kamar yadda ake wanke allo. Rubutu bai motsa ba. Ya murza da yatsa, takarda ta yage, baƙaƙen na nan daram. Taron ya ɗauki gunaguni, suka matso. Na ce tawadar inji ce, ba ta wankuwa, amma gunagunin ya rufe maganata. Baba ya tsaya gabana.

Maigari nasa tsoron daban ne. Soja sun hana taro, kuma in labari ya kai Mayahi cewa an daki ƴar lakwal, jandarma za su zo, a cire garinmu daga rabon dawar taimako. Ya yi ta duban hanyar mota.

Sai Gwaggo, yayar Baba, tsohuwar da ba a katse ta, ta ce a kawo turmi.

"Ku ba ni shi nan. Ni in daka, ita ta zuba ruwa da hannunta."

Na zuba. Gwaggo ta shiga daka. Saura kaɗan in gama littafin, ban san ko saurayin ya ƙetare ba, na ga dai shafukan ƙarshe suna zama kamar ƙullu. Aka kwashe aka zubar gabas da gari, liman ya yi addu'a, mutane suka fara watsewa ba mai duban kowa.

Ina nan durƙushe, kaina a tsefe, har aka kira la'asar. Sama fayau, ba ko gajimare. Maigari ya sunkuyo.

"Tashi ki tai gida, ɗiyata. Ba mai taɓa ki."