Hancin Baba Maman

Baba Maman bazindere ne, ya shekara ashirin da biyu yana aikin teburi a gidajen Turawa na unguwar Zamalek a Alƙahira, kuma har yau ban yafe masa ba.

A Agustan 2013 na je hannunsa. Wata biyu ke nan da na gama jami'a, ina zaune a unguwar Hay el-Sabi' ina jiran takardata, sai jami'an tsaro suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a kusa da mu. Kwana huɗu muka yi ni da abokan zamana kwance a ƙasan ɗaki. Har yanzu in ƙofa ta bugu da ƙarfi nakan duƙa ƙasa. Wani ɗan Nijar ya ce mini akwai tsoho a Zamalek mai neman mai wanke-wanke, da wurin kwana a bayan gida. Ban tambayi komai ba, na ɗauki jakata.

Gajere ne, mai kore a goshi, ba ya wasa da salla. Abin da ya fara ƙona mini rai ke nan, domin hannun da yake alwala da shi, da shi yake buɗe kwalaben giya. Ya rantse mini ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba. Shinshinawa kawai yake yi, ya san abincin da zai bi ta.

Akwai wani farin inabi da yake kira Shenan, wanda matar gidan, Madam, ba ta shan giyar kowane sai tasa. Baba Maman yakan yi zancensa kamar ɗan'uwansa.

"Ustaz, wannan inabin ba shi da girman kai," in ji shi, ina tsaye ina wanke tukunya. "In an so shi da tsami ya yi, in an so da zaƙi ya yi, in an so mai kumfa ma ya yi. Mai tsamin, ƙamshinsa kamar ɗanyen tuffa, shi ake ba soyayyen kifi don ya yanke maiƙon. Wanda ya daɗe, ƙamshin zuma gare shi, sai kaza da miyar madara, ko cukwin akuya. Mai zaƙin kuwa, ranar da na haɗa wa Madam shi da kilishin Maɗawa, barkonon ya kwanta lakwas."

"Baba, ba na son jin wannan."

"To toshe kunnenka, hannunka dai ya ci gaba da aiki."

Sai a mako na uku na san dalilin da ya sa ya ɗauke ni. Hancinsa ya mutu. Tun ƙarshen 2011, ya je sayen kifi cikin gari, barkonon tsohuwa ya rutsa da shi a wani lungu, daga nan ko albasa ba ya ji. Wata 'yar Sudan mai suna Bakhita, da ke wanke-wanke kafin ni, ita take shinshina masa a ɓoye, har ta koma gida. Madam ba ta sani ba. In ta sani aikinsa ya ƙare, ɗakinsa ma haka, ga shi ya kusa sittin, ba shi da kowa a Alƙahira.

"Wani sa'in toshiyar kwalbar takan ɓata giyar," ya ce. "Sai ta yi warin jiƙaƙƙen kwali. Kai dai ka kai hanci, ka ce mini da wari ko babu. Khalas, shi ke nan."

"Shekara huɗu ina karatun shari'a don in shinshina maka barasa?"

"Shekara huɗu kana karatu, kuma ni na ba ka wurin kwana. Na ce ka sha?"

Na ce a'a. Ya bar maganar, amma ya koma kirana Shehun kicin, yana ajiye mini kofunan giya a wanke-wanke na ƙarshe don in daɗe a kansu. Kwalaben kuwa ya riƙa buɗewa da sa'a.

Wata Juma'a Madam ta gayyaci baƙi takwas cin abincin rana. Kifi aka soya. Baba Maman ya zare toshiyar kwalba, ya zuba kaɗan a kofi, ya miƙo mini.

"Sagiru, ɗana. Yau kaɗai. Toshiyar nan ban yarda da kalarta ba."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na karɓi kofin, na kai shi kusa da fuskata, na riƙe numfashina. Ban ja iska ba ko kaɗan.

"Tamam, ba wari," na ce.

Ya yi murmushi, ya gyara farin tawul a hannunsa, ya fita da kwalbar. Daga kicin na ji hira ta tsaya. Na ji Madam tana magana da Faransanci a hankali, sannan da Larabci ta ce ya shinshina kofin nan a gabanta ya faɗa mata abin da ya ji. Can sai na ji ta ce ya kwashe kwalbar, giyar ta lalace.

Da ya dawo bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Da ka ce ba za ka yi ba, da na buɗe wata."

Mako guda Madam ta ba shi ya kwashe kayansa. Ni kuma ta ce in zauna, aikina yana da tsabta. Ranar Alhamis da hantsi ya fito da akwati ɗaya da dardumar salla, ya ce akwai 'yan garinsu a unguwar Ainu Shams, ƙila su ba shi wuri. Na ce in ɗaukar masa akwatin zuwa bakin titi, ya ce in bari.

Shi ya fara cutata, ya ga ina gudun mutuwa ya yi ciniki da hancina. Haka nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Na ƙara wata biyar a gidan, a ɗakinsa nake kwana.