Ƙwayar Wake a Goronyo

Malam Mode Disfensa ya cire ƙwayar wake daga hanyar fitsarin wani yaro a Goronyo, da hantsaki da ɗan mai. Irin wannan ya yi ba adadi cikin shekara ashirin da shida. Bana ya aje aikin En'e, wato hukumar gargajiya. Ya kamata a faɗa.

Da hantsi yake buɗe ɗakin magani a Wurno. Ya tafasa kayan aiki, ya wanke gyambo, ya raba magani. Ran kasuwa ya hau keke zuwa Rabah ko Goronyo, akwati ɗaure a baya.

Yaro ba abin da ba ya turawa a jikinsa: ƙwayar dawa, dutsen ado, tsinke. Abin da ke kusa Mode ya fitar. Wanda ya yi nisa ba ya taɓawa, sai ya sa yaro a motar Sakkwato da takarda zuwa ga Likita Bature. Ya san iyakarsa.

Na waken nan ya fi wuya, saboda uban. Mutumin Rimawa ne, ya kawo ɗan shekara biyar bisa jaki. Kwana biyu yaron bai yi fitsari ba, mara ta yi tamau kamar ganga. An yi ta ɗura masa jiƙo, wake kuwa in ya sha ruwa kumbura yake yi. Ga shi ɗan fari ne. Mai kunya ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna damuwa, balle ya ambaci wurin da ke ciwo. Sai mutumin ya tsaya yana kallon jakinsa, ya ce ɗan maƙwabta ne ke ɗan ciwon ciki, a ba shi maganin wankin ciki su koma.

Da wani ne, da ya bayar, yaro ya mutu a hanya. Mode ya dubi yaron, ya dubi mutumin. Hanci ɗaya, kunnuwa ɗaya, ga kuma marar yaron a kumbure.

Ya ce, "Malam, maƙwabcin ga naka, ashe kamarku guda. Tafi ka ba jaki ruwa."

Da ya tafi, Mode ya durƙusa ya tambayi yaron mi ya sa a can. Yaro ya ce wake, na shuka. Mode ya lallaba a hankali har ya kamo shi. Fitsari ya yi tsiri, ya wanke wa Mode farar rigarsa ta En'e tas. Uban ya dawo ya ga rigar. Sai ya dubi jakinsa ya yi hamdala, sannan ya ce zai shaida wa maƙwabcin.

Kai ne, Mode, mai jin abin da baki ya kasa faɗa. Ka ceci ɗa, ba ka tozarta uba ba. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku sababbin malaman asibiti, ku riƙa duban wanda ya kawo majinyaci, kamar yadda ya yi.

Ran da aka yi wa Mode sallama a Wurno an maimaita labarin, an sha dariya. Yaron yanzu magidanci ne, uban yana raye, yana cin kasuwar Goronyo. Atiku mai dukanci ya matsa sai an gaya masa ko wane ne uban, wai don ya samu abin tsokana. Mode ya gyara hula.

"Atiku, ko kwana za ka yi nan, ba ni faɗi."