Ya Falmata da motar da ta sayar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna zaune a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, da hantsi muna tsince tattasai, sai Malam Bukar ya shigo. Ya ce Allah ya yi wa yayarsa Hajiya Falmata rasuwa a asibiti. Kowace mace ta ajiye faifanta.

Ya Falmata muke ce mata. Ita ta kafa kamfanin nan mai sayen tattasai wajen manoman Chétimari, mu tsince, mu niƙa, a kai Damagaram. Ni ta ɗora a kan mata masu tsinta. Ba ta da hayaniya, kuma ba ta yarda a auna buhu sai manomi na tsaye yana kallon sikeli.

Da rikici ya kori mutane daga bakin kogin Komadugu, gonaki suka koma kufai, tattasai ya yanke. Matan da ke ƙarƙashina, yawancinsu ƴan gudun hijira masu riƙon marayu, sukan zo da safe su tarar babu abin tsinta. A lokacin ƙungiyoyin agaji na neman hayar motoci da mangaza, da farashi mai kyau. Malam Bukar ya matsa a ba su hayar babbar motarmu da mangazar duka. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Bukar, in mun ba da haya ni da kai mun ci abinci. Matan nan fa, mota za su tsince?"

Ta tara mu ta ce kamfanin nan na tattasai ne, don haka duk abin da muka mallaka, mutum ko ƙarfe, tattasai zai fuskanta. "Ko salla," in ji ta, "ba a tayarwa sai an daidaita sahu."

Ta sayar da babbar motar, ta sayi injunan ban-ruwa, ta sa aka haƙa rijiyoyi nesa da kogi, ta raba wa manoman da suka rasa gonaki bisa sharaɗin su sayar mata. Direba ya koyi gyaran inji yana gunaguni. Mu kuma ta tura mu rainon iri da dashe. Rabin mangaza kawai ta ba da haya, don kada albashinmu ya tsaya. Girbin farko bai taka kara ya karya ba, a motar haya aka kai shi, ƴan kasuwa na dariya. Amma ko mace ɗaya ba ta sallama ba.

Tun ranar rasuwar matan ke tambayata makomarmu. Bayan sadakar uku Malam Bukar ya kira ni ya ce, "Yaya, gaya musu gobe akwai aiki."

Allah ya jiƙan Ya Falmata, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba ƴaƴanta haƙuri, ya dafa wa Malam Bukar a kan amanar da ta bar masa, ya kawo mana zaman lafiya a Diffa. Amin.