Baƙon ta'aziyya a Canaan

Jama'a, yau wani ya zo min ta'aziyyar Baba.

Ina shagona a kasuwar Canaan, nan ƙasar waje, ya shigo, ban san shi ba. Muka shafa addu'a, sai ya ce, "Marigayi ne ya hana unguwarku yarda da ƙarin harajin gidaje, na gyaran firamare, ko?"

Na ce, "Kullum ana karɓa, bai ga gyaran ba."

Ya ce, "Kai ne babba yanzu. Gidanku kuma a jikin makarantar yake." Ya fice, ko shayin da na kawo masa bai taɓa ba!

Na kira gida Kano, na ce a duba ko lafiya. Hajiya na takaba, sai ƙanwata ta leƙa waje.

Ta ce, "Yaya, an shafa mana jan fentin rusau a bango. Bai ma bushe ba!"