Ƙafar Kibod Ɗin da Na Zaɓa da Hannuna

Shekarun baya, wata ranar Litinin a farkon damina, da ƙarfe tara na safe, mu uku muka hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari: ni, da matata, da shugaban matasan ikkilisiyarmu na lokacin, ɗan wani abokina marigayi. A aljihuna akwai wata igiya mai ƙulli ɗaya. Abin da ya fitar da mu kuwa shi ne sayen ƙafar da za a ɗora kibod, abin kiɗan majami'armu, a kanta.

Tun ina saurayi nake kaɗa wa ikkilisiyarmu ogan a sujadar Hausa, irin tsohon nan na katako mai feda biyu da ake takawa ya sha iska. A makarantar mishan na koya, a hannun wata Baturiya da take ɗora mana kwabo a bayan hannu. In ya faɗi, a koma farkon waƙa. Ita ta koya mini cewa mai kiɗa zaune yake, baya a miƙe, gwiwar hannu daidai da maɓallai, tafin ƙafa a ƙasa. Da gara da tsufa suka gama da ogan ɗin, ikkilisiya ta yi karo-karo ta sayi kibod mai aiki da lantarki. Matasa sun fi so su kaɗa a tsaye suna rausaya, ni kuwa gwiwoyina sun daɗe da daina yarda da tsayuwa. Sai dattawa suka yanke cewa a nemo ƙafar da za ta yi wa kowa: a sauke ta a sujadar Hausa da sassafe, a ɗaga ta a ta Turanci. Suka ɗora mini nauyin zaɓe. Na san abin da ke cikin zaɓen nan sarai. In ƙafar ba ta sauko inda nake zaune ba, kiɗana ya ƙare.

Shi ya sa kafin mu fito na zauna a bencina na kiɗa, matata ta auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna da igiyar nan, ta ƙulla.

Mai shagon da muka shiga mutumin kudu ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina tsabta. Ya fito mana da wata ƙafa mai siffar almakashi.

"Baba, wannan ita kowa ke saye. Ka ga, da hannu ɗaya ma sai ka ɗauke ta."

Na ɗora tafin hannuna a gefe guda na danna. Ta yi gefe, ta dawo.

"Tana motsi," na ce.

"Kaɗan ne, Baba. Ai ba akuya za a yanka a kai ba."

Na nemi kujera na zauna, na sa ya sauke ta zuwa ƙullin igiyata. Da ta sauka sai ta baje, mahaɗar ƙarafan ta zo daidai gwiwoyina, babu inda zan sa ƙafa. Ya kawo ta biyu mai ƙarfe bibbiyu. Ta fi waccan tsayawa, amma gwiwa ba ta samu wuri ba. Ɗan abokina ya fara duba sabuwar wayarsa ta hannu, wadda a lokacin ba kowa ke da ita ba.

"Baba, wannan ai ba laifi. Ga sauƙin ɗauka a acaɓa."

"Ɗana," na ce masa, "ƙarfi ne farko. Abin da ke motsi a ƙarƙashin hannun mai kiɗa ba kayan ɗakin Allah ba ne. Bayan ƙarfi sai daidaituwa, sa'an nan a yi maganar ɗauka."

Ya ce ya ji. Daga baya na tabbata ya ji ɗin, amma rabin farko kawai.

Muka shiga shago na biyu da na uku, muka dawo na farko rana ta yi tsaka. Matata ta zauna a kan wani kwali tana fifita da gefen mayafinta.

"Malam," ta ce, "ranar da ka zo neman aurena ba ka duba ni haka ba."

"Na duba. Ba ki sani ba ne."

Mai shago ya yi dariya har ya riƙe ciki, sa'an nan ya shiga can ciki ya fito da wata da ƙura ta rufe. Siffar tebur gare ta, ƙafafu huɗu, kowace ƙafa bututu ne a cikin bututu, da jerin ramuka da ƙusa mai kai da ake zurawa a inda ake so. Ya ce ta daɗe a wurinsa, mutane na cewa ta cika nauyi. Na danna kusurwoyinta ɗaya bayan ɗaya, ko gezau. Na zauna, gwiwoyina suka shige a sake. Na miƙa igiya: rami na biyu daga ƙasa ya zo kan ƙullin daidai. Aka ɗaga ta, ɗan abokina ya tsaya, ta yi masa. Aka naɗe ta, ta kwanta kamar allo. Ban yi murmushi ba, domin ba a ciniki da murmushi, amma zuciyata ta yi.

Da muka dawo gida na ɗaure kowace ƙusa da zare mai ƙarfi a jikin ƙafarta don kada ta ɓata, na kuma yi alama da farin fenti a ramin nan na biyu.

Har ƙarshen daminar nan na kaɗa yadda aka koya mini. Sautin kibod bai kai na ogan zurfi ba, kuma in an ɗauke wuta sai a jira janareto, amma tsofaffin waƙoƙinmu sun fita da muryoyi huɗu kamar yadda aka rubuta su. Sai dai akwai abin da ban hango ba. Ogan sai ƙarti huɗu suke ɗaga shi, shi ya sa bai taɓa barin majami'a ba. Ƙafar nan kuwa na zaɓa mata ɗaukuwa da kaina. Sai ta fara yawo: biki a Bomo, taron matasa a Dogarawa, wa'azin fili a bakin kasuwa. Duk Asabar tana bayan acaɓa.

Bayan kaka muka tafi kudancin Kaduna, 'yarmu ta haihu, muka ɗan jima a can. Ranar Lahadin da na dawo na shiga majami'a da wuri kamar yadda na saba, na durƙusa da ƙyar don in zare ƙusoshi in sauke ƙafar. Babu ƙusa ko ɗaya. A wurin kowace sai wani baƙin dunƙulen walda, an shafe shi da fenti.

Ɗan abokina ya iso yana fara'a.

"Baba, sannu da dawowa. Ka ga aikin? A hanyar Bomo zare ya tsinke, ƙusa biyu suka faɗi. Muka cusa ƙusar kafinta, sai ana tsakiyar biki gefe ɗaya ya zube, saura kaɗan kibod ya fashe. Na tuna maganarka, ka ce ƙarfi ne farko. Na kai wa mai walda. Yanzu ko giwa ta hau, ba za ta motsa ba."

Ba da mugunta ya yi ba. Jira yake in yaba masa. Na dubi alamar farin fentina can ƙasa, ramin a buɗe, babu abin da zai sake shiga cikinsa.

"A wane tsawo aka yi waldar?" na tambaye shi, alhali ina gani.

Sai a lokacin fuskarsa ta sauya.

Jama'a sun riga sun fara shigowa, don haka na tsaya na kaɗa. Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu gwiwata ta hagu ta fara rawa. A na uku na dafa da hannun hagu don kada in faɗi, hannun ya sauka a kan maɓallan da ba su ba. Tun da na bar makaranta ban taɓa yin irin wannan kuskure a gaban jama'a ba. Ɗan abokina ya matso a hankali, ya zaunar da ni, ya danna wani maɓalli, ganguna suka tashi daga cikin kibod ɗin. Matan zumuntar ikkilisiya suka soma tafi. Na zauna ina jiran wani ya juyo ya ga abin da ya faru. Ba wanda ya juyo.

Washegari na koma Sabon Gari ni kaɗai. Mai shago ya ce irin waccan ba ta sake zuwa ba, sai mai almakashi. Mai walda ya ce ko ya yanke waldar, bututun ya riga ya narke a cikin ɗan'uwansa, ba zai ƙara zamewa ba. Matata ta ce a kai teburin ɗinkinta majami'a, a rage masa ƙafa. Na kai wa dattawa maganar. Suka saurare ni da ladabi ƙwarai, sa'an nan ɗayansu, wanda na koyar da shi waƙa yana yaro, ya ce:

"Baba ya yi wa Ubangiji hidima mai tsawo. Lokaci ya yi da zai huta, yara su ɗauke masa."

Kowa ya ce amin. Da sun ce babu tebur, da na sassaƙa da hannuna. Amma godiya suka yi mini, kuma ban san yadda ake gardama da godiya ba.

Har yanzu in ana waƙa nakan ga yatsuna suna tafiya a kan gwiwata, suna bin muryoyi huɗun da ba wanda yake rerawa kuma. Na yi ta bincika zaɓen nan nawa ko zan sami inda na kuskure, domin da na samu, da na san abin da zan gyara. Ban samu ba. Ƙafar da na zaɓa mai ƙarfi ce, mai daidaituwa ce, mai ɗaukuwa ce, kamar yadda na nema.

Tana nan a majami'a har yau, a tsaye, tun waldar nan ba ta taɓa motsi ba. Ni kuwa ban sake kaɗa waƙa a sujada ba.