Tsohon da Gara Ta Koya wa Neman Ruwa

Ban taɓa mantawa da ranar da muka zaɓi wurin rami na uku a wani ƙauye kusa da Yasore ba. Lokacin ni ke riƙe da injin haƙar burtsatse, ƙarƙashin Injiniya Lawal. Ƙa'idar aikinmu rami uku ne ga kowane ƙauye. In na ukun bai ba da ruwa ba, mu naɗe kaya, ƙauyen ya koma ƙarshen layi. Biyu sun riga sun fito a bushe, duk da na'urar awon ƙasa ta rantse akwai ruwa. Mata na tsaye daga nesa da jarkoki.

Wata tsohuwa ce ta raɗa mini sunan Baba Mani. Da can shi ke nuna wa mutane inda za su haƙa rijiya, har aka fara ce masa boka, wasu suka daina cin tuwon gidansa, sai ya bari.

"Ɗana, bar ni in mutu da mutuncina," in ji shi, da na je roƙonsa ya nuna mana wuri. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin ba za mu ambaci sunansa ba.

Da sassafe muka bi shi bayan gari. Ba takalmi a ƙafarsa, yana takawa a hankali kamar mai tafiya cikin barci, mu ma har muka rage murya. Ya tsaya kusa da wata kanya mai ɗanyen ganye a tsakiyar bazara, ya fasa gefen shuri, ya damƙo ƙasa ya zuba mini a tafi. Sanyi gare ta, da laima.

"Gara ba ta gini da busasshiyar ƙasa," ya ce. "Daga can ƙasa take ɗebo ruwan. Tun ina saurayi nake kallonta. Iyakar tsafin ke nan."

Injiniya ya daɗe yana murza ƙasar. Can ya ce mini Turawa na da wata kalma, wizad. Yau mai sihiri take nufi, har gwanin kwamfuta ana kira da ita, amma asalinta mai hikima kawai. "Ashe su ma haka suka yi wa tsofaffinsu," in ji shi.

Nan muka kafa injin, a kwana na uku ruwa ya ɓalle. A takardar rahoto, inda ake tambayar yadda aka gano wurin, Injiniya ya rubuta na'ura, don cika alkawari. Ranar buɗewa mai gari ya yi ta yabon ilimin zamani. Baba Mani na cikin layi da butarsa, yana gyaɗa kai tare da kowa. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kafin ku sauke na'ura a ƙauye, ku tambayi wane tsoho ne aka daina tambaya. Yana nan, ya san inda ruwan yake, tsoron bakinmu ne ya sa shi yin shiru.